Katantanwa Mai Ƙaho

Ƙafata ce ta fara taka shi kafin idona ya gan shi. Ɗaliban da ke koya mini karatu da yamma a unguwar Madinat Nasr ta Alƙahira ne suka ɗauki hayar mota zuwa Ain Sukhna, bakin Bahar Maliya, suka matsa mini in bar ɗaurin kaya a kasuwar Ataba na yini ɗaya in je in ga teku. Ina tafiya a gefen ruwa, takalmi a hannu, sai na ji abu ya soke ni. Na duƙa na zaro shi daga yashi: katantanwa ce mai kauri, jikinta duk ƙahoni. Na taɓa ganin irinta.

Ka san a ƙauyenmu katantanwa abin wasa ce. Da damina muke tsinto ta a fadama, sumul take, ba nauyi, mu goge bakinta a dutse mu murza ta a ƙasa. Wanda tasa ta fara faɗuwa shi ke miƙa bayan hannu a doke shi. Ba mu san da wata iri ba.

A gidanmu akwai gwaggona, yayar babanmu. Tun kafin a haife ni ta je Makka a ƙafa ta Sudan, ta dawo ba miji ba ɗa. Ɗakinta ƙanshin kanumfari yake yi. Can nake fakewa in an yi ruwa, tana gasa mini masara tana ba ni labarin wani ruwa wanda ba a hango ƙarshensa.

Wata damina ƙanena ya kwanta da zazzaɓi mai zafi. Ana cikin haka ɗakin gwaggo ya yi yoyo, aka fito da kayanta tsakar gida su sha iska, adudunta ya kife. Wani abu mai ƙahoni, irin wanda na taka a yashin nan, ya gangaro gaban mata. Wata maƙwabciya ta ja da baya tana salati, ta ce Allah bai halicci katantanwa da ƙaho ba, wannan kayan asiri ne, ga kuma yaro a kwance.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "A bakin Bahar Maliya na tsince shi muna jiran jirgi. Can birjik yake."

A cikinmu babu wanda ya taɓa ganin teku, balle ya shaide ta. Babanmu ya ɗauki abin da tsinke biyu ya jefa a tsohuwar rijiya. Ƙanena ya warke kafin kaka, wasu suka ce ai ga shi nan. Ba a kore ta ba, ba a zage ta ba. Sai dai in ta aiko da tuwo, kaji ake zuba wa, kuma innarmu ta hana ni ɗakinta. Haka ta zauna har ta rasu. Ni kuwa na girma ina son ta, ina kuma tsoron a ce gaskiyar matan nan ce.

Da na ɗago kai a bakin ruwan nan, sai ga wata katantanwar, ga wata kuma, wasu a fashe, wasu da sauran ƙaho. Na ɗauki ɗaya na kai wa wani tsohon masunci da ke gyaran koma a inuwar kwalekwalensa. Ko juya ta bai yi ba. Ya ce surumbak ne, mutanen garin Suwais dafa shi suke yi su ci da lemun tsami, ya yi dariya ya tambaye ni ko yunwa nake ji. Na sa ya maimaita sunan, na zauna a yashi, na daɗe ban tashi ba.

Yanzu yaro zai ɗauki hoton abu a waya, kafin ruwa ya tafasa an faɗa masa sunansa. A lokacinmu maganar wanda ya fita duniya ba ta da mai shaida.

Da muka koma Alƙahira na kira yayata a waya, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka tsaya a tsakar gida ranar. Na faɗa mata duk abin da na gani.

"Ashe abin miya ne," in ji ta. Ta ja numfashi. "Allah ya jiƙan Gwaggo. Juma'a zan yi mata waina, kuma duk wanda na ba sai na gaya masa ta wace ce."