Kujerar Baba Eriya

Shekara uku ke nan rabon Baba Eriya da riƙe zarto. Hannunsa rawa yake, katako biyu ya ɓata kafin kafintocin shagon suka daina ba shi aiki. Amma ba wanda ya ce ya tafi, don shi kaɗai ya iya kamo waƙa a tsohuwar rediyon gajeren zango da ke kan taga.

Aiki ne babba a wurinsa. Ya ɗaura wayar tagulla daga rediyon zuwa kwanon rufi. Yakan kara kunne, ya murza a hankali, cikin ƙugi da shuu, har ganga ko goge daga wata ƙasa mai nisa ta ɓullo. In ta fara gudu, ya bi ta. Bai taɓa jin kalma ɗaya a waƙoƙin ba, amma ya san wace tasha ke zuwa da hantsi, wace ce sai rana ta karkata.

Ran nan maigidan shagon ya kawo rediyon tauraron ɗan'adam, aka kafa farantinta a kan ƙarfe bayan shago.

"Baba, don kai na saya," in ji shi. "Ka huta haka nan."

"Na gode, ɗana. Hutun a nan zan yi shi ko a gida?"

Maigida ya yi dariya.

Sauti tar, tasha fiye da ɗari, kowa da yatsa ɗaya ya iya. Kwana huɗu Baba na zaune ba mai kiransa. Rana ta biyar ya tarar an ɗora gwangwanayen fenti a kan kujerarsa.

Da aka fita cin abincin rana, ya ɗauki sifana ya zagaya baya, ya sassauta noti ɗaya a wuyan farantin.

Tun daga ranar, iska kaɗan ta kaɗa sai waƙa ta ɗauke.

"Baba Eriya! Ta sake yi!"

Sai ya miƙe ba gaggawa, ya je ya dafa farantin, yana juya shi kaɗan-kaɗan har su yi ihu daga ciki, "Nan! Tsaya nan!"

"Kayan zamani," in ji maigida, yana kwashe fentin da kansa. "Ba su da ƙarko, Baba."

"Ai kuwa," in ji Baba, ya zauna.