Sabis ɗin Dogo Direba

Dogo direba bai yi boko ba, amma akwai kalmar Turanci ɗaya da ta bi shi har tsufa, wato sabis. A gareji ya fara jin ta yana saurayi. A can, sabis shi ne a juye baƙin mai, a canja filta, a goge fulogi. Da wannan sanin ya ja motar wani ofis shekara da shekaru, yana kai manya taro, yana gyangyaɗi a kan sitiyari har su fito.

Ranar da ya yi ritaya, shugaban ofis ya miƙe yana jawabi da Turanci, yana ta maimaita sabis. Dogo ya raɗa wa masinja, “Wace motar ce kuma ta lalace?”

Masinja ya ce, “Kai ake yabo, Baba. Hidimar da ka yi ake nufi.”

Aka tafa, aka ba shi agogon bango, aka karɓi makulli.

Yanzu ciwon baya ba ya barin sa ya daɗe a tsaye. 'Yarsu tilo tana aure a nesa, waya kaɗai ke haɗa su. Kullum da la'asar sai ya ja ƙafa zuwa taga, ya ɗaga wayar sama yana juya ta.

“Malam, zo ka zauna,” in ji matarsa. “Yau ma babu sabis.”

“Wannan kuma wane iri ne?” ya ce. Bai jira amsa ba, ya dafa bango ya koma kan tabarma, wayar na kan cinyarsa.