Layi Ɗaya da Bitrus Bai Rubuta Ba

Shekarar da iska ta yaye rufin cocinmu a Manchok, ita ce shekarar da muka binne ƙanena Bitrus. Bana shekara tara ke nan. Ni ne na bar makaranta na riƙe fartanya don shi ya yi karatu, har ya zama matuƙin jirgin sama. Ban taɓa yin da-na-sanin wannan ba. Da-na-sanina yana wani wuri dabam.

Ya zo gida wani Kirsimeti, muna zaune a gindin mangwaro, ya ce mini akwai jirgi ɗaya da sitiyarinsa ya yi tauri. "Yaya, kamar garma a busasshiyar ƙasa. Sai na sa hannu biyu kafin ya ɗaga hanci." Ƙa'idar aikinsu ita ce matuƙi ya rubuta duk abin da ya ji a littafin jirgin. Amma injiniyan da ya sa hannu cewa jirgin lafiya lau Danladi ne, ɗan unguwarmu, wanda ya ci tuwon acca a kwano ɗaya da mu tun yana yaro.

Na ce, "Ka rubuta, su kore shi? Da wane ido za mu dubi mamansa a coci? Faɗa masa da baki. Ɗan gida ne."

Ya ce to.

Sau biyu ya faɗa masa. Danladi ya ce zai duba. Wata rana wajen sauka sitiyarin ya ƙi, Bitrus da abokin tuƙinsa suka ja da iyakar ƙarfinsu, jirgin ya bugi ƙasa har ƙafar tayar jirgin ta karye. Ba wanda ya mutu. A gaban masu bincike aka tambayi Danladi ko Bitrus ya taɓa kawo masa kuka. Ya ce bai taɓa ba. Aka buɗe littafi, babu komai. Aka ce Bitrus ya san da matsala ya ɓoye, aka karɓe lasisinsa. Da ɗan gari akan ci gari.

Ya dawo gida da yaransa uku yana taya ni noman citta, hannunsa bai saba ba. In jirgi ya wuce sama ba ya ɗaga kai. Bai taɓa ce mini ni na jawo ba, ko sau ɗaya. Bayan shekara biyu hawan jini ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Yanzu ina ajin manya na koyon karatu da rubutu a Kafanchan, ran Talata da Alhamis. Da Bitrus zai gan ni ina lanƙwasa harafi da furfura, dariya zai fara yi. Ban san me zai ce ba in ya ji Danladi dattijo ne a wata ikilisiya a Sabon Tasha, yana sasanta masu faɗa. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Na yi shekara tara ina jira, ban ga ƙarshen wannan ba. Fasto ya ce in yafe. Ina ƙoƙari, amma har yau mutumin bai roƙa ba.

Malamarmu ta auna mana: layi ɗaya, minti ɗaya ne ga wanda ya iya. Abin da muka rasa a kan layin da Bitrus bai rubuta ba shi ne aiki ɗaya, zumuncin gida biyu da yanzu ba sa gaisawa, uban yara uku, da ƙanena guda ɗaya tak.