Lissafin Malam Dabo a Gidan Dambe

Malam Dabo na Ƙofar Durbi ɗan mahauta ne, boko ce ta raba shi da wuƙa. Shekara talatin ya yi a ofishin ƙididdiga yana ƙirga shanun da bai taɓa gani ba. Da ya yi ritaya sai ya koma gidan dambe. Kowa na ihu, shi yana rubutu, ko makaɗi bai taɓa ɗaga kai ya kalla ba.

Hanya biyu ya fitar ta gane wanda zai yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa. Ta farko ƙirge ce kawai: wa ya fi yawan kisa? Ta biyu kuwa sai ta tambaya, su wa ya kashe? Wanda ya kayar da gwani ɗaya ya fi wanda ya kayar da ragwaye goma. Ya gwada su a dambe ɗari biyu, ta biyun ta ci, ya jingine ta farkon. Tun daga nan in ya ce wane zai faɗi, 'yan uwan wane sukan zo da ruwan da za a yayyafa masa ya farfaɗo.

Ana nan sai ɗansa Yazid, mai gyaran babur, ya fara ɗaure hannu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sai dai wannan ya tsallake uban ya ɗauko kakan, don dambe wasan mahauta ne. Ya yi kisa tara a jere, aka haɗa shi da Isah Mai Guduma, wanda kisansa shida ne.

Ranar da safe Yazid ya durƙusa. "Baba, mi lissahi ya ce?"

Malam Dabo ya san taran nan duk 'yan koyo ne, shidan Isah kuwa kowanne ƙato ne. Ya dubi ɗan nasa, tausayi ya kama shi.

"Tara ta hi shida," in ji shi.

Bayan la'asar, a turmin farko, wato zagayen farko, Isah ya shimfiɗe Yazid. Da aka yayyafa masa ruwa ya farfaɗo, ya ga uban tsugune a kansa.

"Baba, ashe lissahinka shina kuskure?"

"Bai yi ba," in ji Malam Dabo, yana share masa jini da bakin rigarsa. "Ni ne na kasa karanta maka shi."