Iccen Jego a Tsakiyar Marka

Ni dai ba na son marka. Mutane su yi ta murna gero na shan ruwa, ni kuwa da sama ta yi toka-toka, yayyafi ya ƙi ɗaukewa, sai raina ya ɓaci, jikokina ma sun sani, ba mai matsowa kusa da ni. Abin ya samo asali tun zamanin Nasara, muna Madarumfa a gidan ubanmu, can gefen da ke kallon tabki.

Mu biyu ne mata a gidan, ni da autarmu. Innarmu ta rasu tun auta na rarrafe, a bayana ta girma. A shekarar da nake faɗi aurena ya mutu na dawo gida, ita kuma ta zo haihuwar fari gaban ubanta kamar yadda ake yi. Ta sauka lafiya, ɗa namiji, damina ta yi tsakiya.

To, mai jego sai da wuta. Safe da yamma a tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, a tsoma ganyen runhu a fyaɗa mata a jiki har fata ta yi ja, a dama mata kunun kanwa, a zuba garwashi ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwanta. In aka yi sakaci sanyi ya shige ta, ta kumbura, sai dai wata ba ita ba. Mun sha gani, ba labari aka ba mu ba. Miji ne ke tara iccen tun da rani. Nata mijin, bawan Allah, ya fara tarawa ke nan mutanen kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, suka zo suka kwashi samari aikin hanya. Abin da ya bari a bayan ɗaki, jaki ɗaya zai ɗauke shi ko nishi bai yi ba.

Na ce ba komai, ai ina da ƙafa, daji kuma bai gudu ba. Kafin suna ina fita ina samo ƙirare. Bayan suna marka ta sauka. Ba ruwa ba ne mai tsawa ya zuba ya wuce, a'a, tsit-tsit-tsit, wuni guda, gari ya waye yana nan. Gulbi ya kawo, tabki ya tumbatsa ya shanye fadama, hanyar daji ta koma ruwa iya wuya. Abin da na tsinto a bakin gari jiƙaƙƙe ne sharkaf, in hura in hura har idona ya yi jawur, hayaƙi kawai, ruwa ko ɗumi bai yi ba. Kashin shanun da muke dogara da shi ya narke ya koma taɓo.

Na ɗauki sakaina na bi gida-gida roƙon abin hura wuta. Wallahi mutane sun yi ƙoƙari. Wannan ta ba ni guntun kara, waccan ta zaro sanda daga jinkarta. Wata maƙwabciyarmu ta ja ni ta nuna mini murhunta, kwaɗo ne zaune a ciki, ƴaƴanta gumba suke ci ɗanya. Na juyo da sakainata.

Ranar da wanka ya fara tsallakewa, da yamma auta ta ce mini, “Yaya, ƙafata ta yi nauyi.” Na danna yatsa a ƙaurinta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na ruga cikin ruwa na kira ungozoma, tsohuwar da ta yanke wa yaron cibi. Ta duba ta, ta taɓa goshinta, ta ja ni waje.

“Ke ɗiyar nan, sanyi ya sami hanya. In aka ƙara tsallake wanka, ku fara neman mai shayar da yaron nan.”

“To Iya, da me zan hura? Da yatsuna?”

“Ni dai na faɗa miki,” in ji ta, ta kifa ƙwarya a ka ta tafi abinta.

Daga nan na shiga cin gidanmu da gatari. Gadon karana ya fara tafiya, na koma kwana a kan buzu. Kujerar tsugunno ta bi, akusa suka bi, taɓarya ta bi. Turmin da muke daka da shi na kifa na faskara ina zage-zage, ban san ma wa nake zagi ba, ko sama, ko kumandan, ko mijin da aka tafi da shi ba da sonsa ba. Kowane abu ya ba ni wanka ɗaya ko biyu ya zama toka. In ta yi wankan sai ta ɗan sami barci, yaro ya sha nono. In wuta ta mutu sai rawar ɗari ta dawo, haƙoranta na kaf-kaf, fuska ta cika har idanu suka shige.

Wata safiya na tashi babu abin da zan sa a murhu, sai ɗan garwashin da nake lallaɓawa cikin kasko. Na leƙa ɗaki, yaro na tsala kuka a gefenta, ita ko hannu ta kasa ɗagawa ta jawo shi. Na fizgi gatari na nufi rumbu. Gumagumai ne ke ɗauke da shi, a ƙarƙashi suke, ruwa bai taɓa su ba. Na ɗaga gatari ke nan Baba ya riƙe ƙotar ta baya.

“Ki sare shi ya kife, hatsin ya zube cikin taɓo. Me za ta ci ta shayar? Me za mu ci har kaka?”

Ban taɓa ɗaga wa ubana murya ba sai ranar. “To sai ka zauna ka zuba ido ta mutu! Ka ji daɗi, ga rumbunka nan tsaye!”

Ya karɓe gatarin ya tafi tsakar gida.

Mu anna ne, a lokacin ba mu salla. A tsakar gidanmu akwai jigo, wani gungumen kirya da kakan Baba ya kafa, inda ake yanka wa iskokin gida kaza ko akuya kafin shuka da bayan girbi. Mace ba ta jingina da shi, yaro ba ya wasa kusa da shi. Duk haukan da na yi da gatari, ko a zuciya ban taɓa ganinsa a matsayin icce ba.

Baba ya tsuguna gabansa, ruwa na bin ƙeyarsa. Na ji shi da kunnena yana cewa, a hankali, kamar mai magana da yayansa, “Ni na cire, ba ita ba. In za a bi, ni za a bi.” Ya haƙa gindin da dagi, ya rungume shi yana jijjigawa har ya tumɓuke. Na tsaya daga nesa ina kallo, ban matsa in taya shi ba. Ya faskara shi da kansa. Bayan iccen a jiƙe yake, amma cikinsa ja ne, busasshe ƙarau.

Ban taɓa ganin icce mai ci irin wannan ba. Guntu kaɗan ya tafasa tukunya, garwashinsa ya wuni bai mutu ba. Sai dai warin. Jinin shekara da shekaru ya shiga jikinsa, hayaƙin ya cika gida da ƙauri. Na tallafo auta zuwa bayan ɗaki, na zaunar da ita, na tsoma ganye. Ta shaƙi iskar, ta ɗago kai da ƙyar, ta hango ramin tsakar gida ruwa ya fara cika shi.

“Baba! Me ka yi?”

Yana zaune a ƙofar ɗakinsa, bai ko juyo ba. “Yi wankanki, auta, kafin ruwan ya huce.”

Da wannan iccen muka lallaɓa har rana ta fito, ƙasa ta tsane na koma daji. Kumburi ya saɓe, ta tashi, ta goya ɗanta. Baba bai ga girbin shekarar ba. Ya kwanta gero na fitar da kai, bai tashi ba. Zazzaɓin damina ne, irin wanda ke kwashe tsofaffi kowace shekara, kuma mutum ne da ya sha dukan ruwa. Na faɗa wa auta haka, na maimaita har bakina ya gaji. Ta yi ƴaƴa, ta yi jikoki, ta yi furfura, amma har ta koma ga Allah, in aka tambaye ta abin da ya kashe ubanta, sai ta ce, “Ni ce.”