Gidan Gaban Motar Barau

Duk wanda ya ci kasuwar Yankara a shekarun da kuɗin fetur suka fara ambaliya ya san Barau direba, mutumin Sabuwa, mai tsohuwar motar roka da bodin katako. Kai, mutum ne mai fara'a! Shekara goma sha tara yana jan motar wasu kafin ya mallaki tasa, kuma burinsa ɗaya tak: ya ɗauki uwarsa a gidan gaba, mutanen gari su gani.

Shi ne ɗan fari, don haka uwar tasa, Goggo, ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa. In ya zo gaisuwa sai ta amsa tana kallon bango, ko ciwon kai ba ta iya faɗa mashi.

To, motar tun ta zamanin tuƙin hagu ce, sitiyarinta a dama. Da gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama, sai direba ya koma gefen daji, ba ya hango abin da ke tahowa in zai wuce wata mota. Wanda ke kujerar hagu shi ne idonsa. Amininsa Almu, dillalin hatsi, shi ke zama nan kullum. Barau ya ce, "Da hanya?" Almu ya leƙa ya ce, "Tafi," ko "Dakata."

Sai da aka yi wata bakwai ana lallashi kafin Goggo ta yarda ta shiga, shi ma don an haifa mata jika a Ƙanƙara ne. Ranar Barau har da sabuwar hula. Ya shimfiɗa mata darduma a kujera, Almu ya hau bisa buhunan dawa yana tsokana, wai yau an sauke shi daga sarauta.

Bayan Faskari suka tarar da wata tifa tana jan ciki, ƙura ta turnuƙe. Barau ya bi ta har ya ƙosa. Bakinsa ya riga ya saba.

"Goggo, da hanya?"

Tun da ta haife shi bai taɓa neman wani abu a wurinta ba sai ranar. Ta miƙa wuya, ta ƙura ido.

"Ba kowa," in ji ta. "Tafi."

Ya fita zai wuce tifar. Tankar mai ce ke tahowa, kuma ɓangaren hagu ta daka. Inna lillahi! Barau ko ƙwarzane bai yi ba, Almu ya karye a cinya. Goggo ko shurawa ba ta yi ba.

Ran sadakar uku ƙanwarsa Hajaratu ta same shi a zaure, tana kuka.

"Yaya, shekara biyu ke nan da yanar ido ta rufe wa Goggo gani. Da murya take gane mu. Ta ce kada wanda ya faɗa maka, kunya take ji."

Bai sake taɓa sitiyari ba. Ya koma ɗinkin buhu a bakin tashar Yankara, ya yi shekara ashirin a nan, fara'ar nan duk ta tafi. In ya ga ana cusa tsohuwa a gidan gaba sai ya ajiye basilla, ya je ya tsaya jikin taga, ya ɗaga yatsu.

"Iya, nawa ne nan?"

Direbobi su yi ta dariya, wai Malam Barau ya taɓu. Shi dai ba ya matsawa sai ta faɗa.