Yadda Gashina Ya Bi Ruwan Wankan Amarya

Edita, bayan gaisuwa, ku ba ni ɗan fili in tona asirin kaina, ko wata ta tsira. A shekarun da 'yan'uwanmu suka dawo daga Legas da manyan jakunkuna, ni budurwa ce a unguwar Nima, ina taya mahaifiyata sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi. Ba ni da tsayi, ba ni da haske, hancina ma rufin asiri ne kawai, amma Allah ya ba ni gashi. Irin gashin da mai kitso ke cewa a ajiye mata abincin rana kafin ta sa hannu. Ni kuwa na san da haka, shi ya sa ɗankwalina bai taɓa zamewa ba sai samari sun yi layi.

A haka wani mahauci daga Sabon Zongo ya gan ni. Yakan shigo trotro, wato motar haya, tun daga can ya zo cin waakye, sai ka ce a unguwarsu an hana dafawa. Mutum ne mai natsuwa, hularsa kullum a kafe har goshi, ko zafi ake kamar me. Da magana ta yi ƙarfi, gwaggonsa ta zo ganina. Ta sa na cire ɗankwali, ta shafa kaina, ta faɗa wa mahaifiyata ba kunya cewa gidansu akwai nama, akwai addini, amma gashi Allah bai ba su ba, don haka iri suka zo nema. Aka yi dariya, aka sa rana.

Ana saura 'yan makonni biki ƙawata ta dawo daga Legas, gashinta a miƙe yana lilo a kafaɗa. Ta zo da robar wani farin mai da ake kira rilaksa, ta ce yanzu amaryar da ta san kanta ba ta shiga ɗaki da kai irin na ƙauye. Mahaifiyata ta ce a bar wa Allah abinsa. Na ce to, na jira ranar da ta tafi ta'aziyya Maamobi ta bar mini tukunya.

Abin da ni da ƙawata ba mu sani ba shi ne kanmu ba ɗaya ba ne. Nata gashin mai taurin kai ne, in an zuba ruwa sai ya gangare kamar a ganyen gwaza. Nawa kuwa ya sha matajin ƙarfe da nake gasawa a kurfoti, murhunmu na gawayi, duk Sallah, ya sha baƙin rini, tuni ya yi rauni, yawansa ne ke ɓoye shi. Ta ce ita takan bar man a kanta daidai dahuwar tukunyar waakye, don haka muka ɗora tukunya, ta laɓta mini, muka zauna jira. Ban daɗe ba kaina ya ɗauki wuta. Ta ce zafin shi ne aikin, kowa ya ci zomo ya ci gudu. To ashe waken ranar tsoho ne, irin wanda ya kwana biyu a buhu. Ina hawaye ina zarya tsakanin kujera da murhu, ina latsa wake da yatsa, yana nan kamar tsakuwa. Wallahi kaina ya riga waken nuna.

Da aka wanke, gashi ya kwanta luf, na yi ta juyi gaban madubi. Daɗin bai kai Juma'a ba ya bushe ƙamas, in na taɓa sai in ji kamar soson wanka. Ƙawata ta ce ruwa ne maƙiyinsa, in guje shi, in dage da mai. Na haɗa man kaɗanya da basilin da wani mai ƙamshi da na sayo a kasuwar Makola, ina laɓtawa safe da yamma. Matashina ya yi baƙi, tururuwa suka gano ɗakina. In hadari ya taso, ni ce farkon gudu a duk layinmu, har na taɓa faɗawa shagon wani tela ba sallama. Wurin alwala kuwa, shafar kaina Allah dai ya karɓa. Ga mai na gangarowa har wuya, ga gashi na karyewa a ƙarƙashi, kullum sai na share na tura bayan akwati. Na ɗaure ɗankwali tamau har gira. Mutane suka ce kunyar amarci ta kama ni, gwaggon ango ma ta aiko da yabo.

Ranar wanka ta zo. A wurinmu akwai alwanka, tsohuwar da ke wanke amarya, matan dangi biyu suna kewaye suna waƙa. Na roƙe ta a kunne ta tsallake kai, wai ciwo yake mini. Ta ce ita ta wanke uwata, kuma ba ta taɓa miƙa amarya da busasshen kai ba. Ta fizge ɗankwali ta sa sabulun salo. Sabulu ya ƙi kumfa saboda mai, ta sake, ta kuma sakewa, tana tambaya ko soya ni za a yi. Da man ya fita, gashin ya zuƙe ruwa nan take, ya saki, ya yi laushi kamar taliyar da ta wuce dahuwa. Ta ja yatsunta, sai ga shi ya biyo ta. Ta sake ja, ya sake biyowa. Waƙa ta mutu, mai guɗa ta haɗiye rabin guɗarta. Gwaggon ango ta leƙa ƙwarya, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya a hankali ko irin da suka zo nema ke nan. Mahaifiyata ta sunkuyar da kanta, kuma wannan ya fi mini zafin rilaksa. Alwanka ta aika a kawo almakashi.

Aka naɗa mini gwaggwaro mai girman faranti aka kai ni, ni kuwa na gama sallamawa cewa da kayana za a dawo da ni Nima. Washegari da hantsi ina ƙudundune a mayafi, ango ya shigo ya zauna. Ya ce gwaggo ta ba shi labari. Na fashe da kuka, na ce in ya fasa ba zan ga laifinsa ba. Ya yi gyaran murya, sannan ya sa hannu ya cire hular nan da ban taɓa ganinsa babu ita ba. Sanƙo ne tun daga goshi har ƙeya, yana ɗaukar ido. Ya ce shi ma tun ranar da aka sa rana bai yi barcin kirki ba. Kukana ya koma dariya har sai da gwaggo ta buga ƙofa.

Bayan biki na je yi wa ƙawata tsiya, na same ta tana wanki. Ta rantse man ba shi da laifi, ga nata kan shaida. Cikin musu na tsinko silin tsohon gashina da almakashi ya bari, na tsinko nata, na jefa a bahon ɗauraya. Nata ya yi ta yawo a sama, nawa ya jiƙe ya yi ƙasa. A nan na gane. Akwai gashin da ke ƙin shan ruwa, amma in ya sha ya riƙe. Irinsa na son ruwan ɗumi da mai kaɗan. Akwai kuma wanda wuta da magani suka huda, ya koma kwando, ya sha da wuri ya zubar da wuri. Shi wannan ƙishirwa ke kashe shi, ni kuma na hana shi ruwa na toshe shi da mai. Mai ba ya jiƙa gashi, riƙe danshi kawai yake yi. Tun daga nan sai na jiƙa kaina tukuna, in shafa kaɗanya yana da ɗanye, in yi kitso mara ɗauri, in rufe. Matajin ƙarfe kuwa na bar wa mahaifiyata tana tona gawayi da shi.

'Yan'uwana mata, kafin ki ari maganin ƙawarki, ki san irin kanki, don abin da ya gyara ta zai iya aske ki. Kada ki auna komai na jikinki da dahuwar wake. In kuma ɓarna ta faru, ki faɗa wa uwarki tun ana iya gyara, kada ki bari a gani a ƙwarya gaban surukai. Ni dai Allah ya tausaya mini, kafin in yaye ɗan fari mai kitso ta koma neman abincin rana. Na maigida kuwa har yau muna jira. 'Yan matanmu sun ɗauko ni, gwaggo ta rasu tana alfahari da su. Mazan kuma, babban bai yi aure ba tukuna, amma na lura ya fara kafe hula har goshi.